Yabon Soja da Muhawarar Musabbabi: Tarken Gurbin Yaƙin Basasa a Adabin Hausa ta Fuskar Mazauna Kasuwar Artisan

1.0 Gabatarwa

Yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, ya kuma ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. A cikin wata talatin ɗin nan, rundunar sojan tarayya ta bunƙasa daga kimanin mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000, kuma kaso mai yawa na waɗannan sojoji daga Arewa suka fito. Saboda haka a yau akwai dubban gidaje a ƙasar Hausa da maƙwabtanta da ke da kaka ko uba ko kawu wanda ya je bakin daga, ya dawo ko bai dawo ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda adabin Hausa ya girmama waɗannan magabata, da kuma irin gurbin da ya ba muhawarar musabbabin yaƙin. Hujjar da za a kafa ita ce, adabinmu ya taskace yaƙin ne cikin salon yabo da zambo kusan kaɗai, salon da ya dace da lokacin da wuta ke ci, amma ya gaza ɗaukar nauyi biyu da zuriyar mayaƙan ke buƙata a yanzu, wato makokin ƙaramin soja da kuma bin diddigin dalilan da suka kai shi fagen fama. An zaɓi a kalli matsalar ta fuskar Hausawa mazauna Inugu da Anacha da Fatakwal, musamman jama'ar Kasuwar Artisan ta Inugu, domin su ne ke ambaton magabatansu a tsakiyar jama'ar da su ma suke da nasu matattun.

2.0 Hausawan Gabas Kafin Yaƙi da Bayansa

Zaman Hausawa a Gabashin Nijeriya ya girmi yaƙin nesa ba kusa ba. Uchendu (2011) ta nuna cewa tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwa da fatake daga Arewa suka fara sauka a wurare irin su Elele, kusa da Fatakwal, da Ibagwa, kusa da Nsukka. Gano kwal a yankin Inugu a 1909, da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu wadda aka kammala a 1916, da kuma gina gadar Makurɗi a 1932, sun buɗe ƙofar cinikin shanu da awaki da wake da albasa da busasshen kifi zuwa Kudu, manja kuma ya riƙa hawa Arewa. Unguwannin da Ibo ke kira Ama Awusa sun kafu a manyan garuruwa, kowace da sarkin Hausawanta da limaminta. Cuɗanyar ta yi zurfin da har Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan lardin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, bayan ya yi fice a jam'iyyar NCNC.

Shekarar 1966 ta yanke wannan igiya. Bayan kashe-kashen da aka yi wa 'yan Gabas a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, waɗanda ƙiyasin yawansu ya kama daga 8,000 zuwa 30,000, an kai wa 'yan Arewa farmaki a garuruwan Gabas, sa'annan a watan Oktoba gwamnan soja na jihar, Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu, ya umarci waɗanda ba 'yan Gabas ba da su fice domin ba zai iya lamunce tsaronsu ba. Jiragen ƙasan da suka sauke Ibo masu gudun hijira a tashar Inugu, su ne suka kwashi Hausawa zuwa Arewa.

Wanda duk ya zauna da dattawan Kasuwar Artisan, kamar yadda aikin koyarwa a wannan yanki ya ba marubucin wannan maƙala dama, zai lura cewa jama'ar iri uku ce dangane da yaƙin. Akwai zuriyar waɗanda suka gudu a 1966 suka komo bayan 1970. Akwai zuriyar sojojin tarayya da suka shigo da bindiga, aka sallame su, suka yi aure suka zauna. Akwai kuma 'yan kasuwar da suka zo daga baya, waɗanda abin da suka sani game da yaƙin daga waƙa da hirar gida suka same shi. Rukuni na farko ya ɗanɗani gudun hijira, na biyu ya ga gawa da yunwa da idonsa, na uku kuwa ya gaji kirari. Wannan bambanci shi ne ma'aunin da za a auna adabin da shi.

3.0 Sunan Yaƙi da Sunan Abokin Gaba

Kafin a kai ga waƙa, yana da kyau a tsaya a kan kalmomi, domin muhawarar musabbabi tun daga suna take farawa. Bahaushe yana kiran wannan yaƙi da sunaye uku: Yaƙin Basasa, Yaƙin Biyafara, da Yaƙin Ojukwu. Masana da dama suna danganta kalmar basasa da yaƙin Basusa na Larabawan jahiliyya, wanda aka yi tsakanin ƙabilun Bakar da Taglib, 'yan'uwan juna, a kan raƙuma guda. Da wannan suna ne kuma aka san rikicin gadon sarautar Kano na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Wanda ya ce basasa ya yarda ke nan cewa 'yan gida ɗaya ne suka yi faɗa, kuma laifi na iya rabuwa. Wanda ya ce Yaƙin Biyafara ya jingina shi ga yunƙurin ɓallewa. Wanda ya ce Yaƙin Ojukwu kuwa ya riga ya yanke hukunci, ya ɗora wa mutum guda nauyin abin da ya ci rayukan da ƙiyasi ya nuna sun kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, akasarinsu fararen hula da yunwa ta kashe.

Haka abin yake game da tarzomar 1966, wadda ake kira Araba ko Aware. Kalmomin biyu daga aikatau suke, wato "a raba" da "a ware", suna kuma tuna mana da abin da waƙoƙin yabon soja suka tsallake, cewa a tsakiyar 1966 kiran raba ƙasa daga Arewa ya fi fitowa da ƙarfi. Shekara guda bayan haka, Arewar ce ta ba da 'ya'yanta domin hana rabuwar. Wannan juyi babban jigo ne da adabinmu bai warware ba.

Ta fuskar sunan jama'a kuma, kalmar Inyamuri, wadda ake cewa ta samo asali daga jimlar Ibo mai ma'anar "ba ni ruwa", ta haɗe Ibo da Ibibiyo da Efik da Ijo cikin jaka guda. Kalmar Awusa a bakin Ibo ita ma ta haɗe Bahaushe da Tibi da Angas da Babarbare da Idoma. Gowon kansa Ba'angashe ne Kirista da ya tashi a Wusasa, kuma dakaru masu yawa daga tsakiyar Nijeriya suka fito. Abin da ya haɗa su shi ne Hausar bariki. Don haka idan aka ce adabin Hausa ya girmama sojan basasa, to ya girmama jama'a ce mai harsuna da addinai daban-daban, kuma duk abin da sojan ya aikata a Gabas, da sunan Awusa aka rubuta shi. Bahaushen Artisan shi ke biyan wannan bashi na suna a kullum.

4.0 Waƙoƙin Lokacin Yaƙi: Ƙarfinsu da Iyakarsu

Yaƙin ya haifar da waƙoƙi masu yawa, na baka da rubutattu. Furniss (1991) ya nazarci rubutattun waƙoƙin Hausa na wannan yaƙi, kuma mafi shahara daga cikinsu ita ce ta Alhaji Aƙilu Aliyu mai suna "Jiki Magayi", wadda bai kamata a rikita ta da ƙagaggen labarin John Tafida da Rupert East mai wannan suna ba. A ɓangaren waƙar baka, Ɗanmaraya Jos ya yi wa sojan tarayya waƙoƙi da kuntiginsa, Mamman Shata ma ya wasa soja da shugabanninsu.

Yabon gwani ya zama dole. Waɗannan waƙoƙi sun ɗauko tsohon rumbun kirarin mazaje da zugar makaɗan yaƙi, suka ɗora shi a kan soja mai kaki da igwa da jirgin sama. Sun sanya baƙin sunayen garuruwan Gabas cikin karin waƙar Hausa har suka zauna a bakin mata da yara. Sun ƙarfafa zuciyar uwar da ɗanta ke bakin daga, sun kuma cusa wa talakan Arewa ra'ayin Nijeriya ɗaya a lokacin da ra'ayin bai daɗe da yin rauni a zuciyarsa ba. Ta fuskar sarrafa harshe, siffantawa da kamance da ke cikinsu sun isa a yi alfahari da su.

Sai dai kowane salo yana da abin da zubinsa ba ya iya ɗauka. Za a iya nuna iyakoki uku.

Na farko, yabo yana hawa sama ne. Maroƙi ya gaji ambaton mai sarauta da mai kyauta, don haka sunayen da suka tsira a waƙa su ne na shugaban ƙasa da gwamna da kwamanda. Kurtun da ya bar garma a Ɗanbatta ko Funtuwa, aka yi masa horo na 'yan makonni, ya nutse a Kogin Kwara, ya shiga waƙa ne a matsayin jam'i: sojoji, mazaje, dakaru. Jikansa ba zai sami sunansa a ko'ina ba.

Na biyu, abokin tafiyar yabo shi ne zambo, kuma zambo yana aiki ne da dabbantarwa da muzantawa. Da zarar an mayar da abokin gaba dabba ko abin dariya, to an rufe ƙofar tambayar dalilinsa, domin ba a tambayar kura dalilin ɓarna. Waƙoƙin sun tattara musabbabin yaƙi a kan girman kai da kwaɗayin mutum guda. Ba su da gurbin matar da ta tsere daga Sabon Garin Kano da gawar mijinta a baya, wadda ita da irinta ne suka cika taron masu neman ɓallewa.

Na uku, waƙar zuga ba ta san shan kaye ba, ba ta kuma san laifin gwarzonta ba. Ga misali daga Anacha. A watan Oktoba 1967 Runduna ta Biyu ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed ta yi yunƙurin ƙetare Kwara daga Asaba, aka yi asarar sojoji masu ɗimbin yawa, garin bai faɗi ba sai a watan Maris 1968 bayan an zagayo ta ƙasa. A ƙarshen wannan wata kuma aka yi wa ayarin rundunar kwanton ɓauna a Abagana. Kafin wannan, ranar 7 ga Oktoba 1967, sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza da samari fararen hula a Asaba, lamarin da Bird da Ottanelli (2017) suka tattara shaidunsa. Waƙar yabo ba ta iya yin kukan waɗanda suka nutse, domin kukan zai zama suka ga kwamanda. Ba ta kuma iya ambaton Asaba da abin da ya auku a can. Ta haka ta yi shiru a kan matattun ɓangarorin biyu.

Ba za a zargi mawaƙan da rashin yin abin da lokacinsu da salonsu ba su nema ba. Abin zargi shi ne, fiye da shekara hamsin bayan yaƙin, waɗannan waƙoƙi ne har yanzu babban abin da ɗalibin Hausa ke samu idan ya nemi yaƙin a adabinsa.

5.0 Giɓin Zube da Darasin Maƙwabta

Idan aka waiwayi ƙagaggun labarai, giɓin ya fi fitowa fili. Littafin Bature Gagare, Ƙarshen Alewa Ƙasa (1982), ya leƙa duniyar makamai da ta'asa da ta biyo bayan yaƙin ta hanyar tauraronsa Mailoma, amma yaƙin kansa ba shi ne jigon littafin ba. Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 ya karkata ga soyayya da zaman aure. Ko 'yan Arewan da suka shiga muhawarar musabbabi, irin su A. M. Mainasara a littafinsa The Five Majors: Why They Struck (1982), wanda martani ne ga Why We Struck (1981) na Adewale Ademoyega, da Ingilishi suka rubuta. Sakamakon haka, muhawarar ta zama ta 'yan boko, tsohon soja da iyalinsa kuwa aka bar su da kirari.

A ɗaya gefen kuwa, rubuce-rubuce sun yi yawa, kuma abin lura shi ne yawancin nagartattunsu ba yabon Biyafara suka yi ba. Cikin harshen Ibo, Tony Ubesie ya rubuta Isi Akwu Dara N'ala (1973), labarin yadda yaƙi ya rusa amanar aure, da Juo Obinna (1975), inda ya yi wa mai cika bakin jarunta da ke gudun shiga soja dariya. Cikin Ingilishi, Chinua Achebe a Girls at War (1972) ya fallasa manyan Biyafara da suka yi ƙiba jama'a na mutuwa. Ken Saro-Wiwa a Sozaboy (1985) ya ba da labarin yaron mota da ya shiga soja bai san dalilin yaƙin ba. Festus Iyayi a Heroes (1986) ya kafa hujjar cewa ƙananan sojojin ɓangarorin biyu su ne jarumai, manyansu kuwa su ne suka ci riba. Waɗannan marubuta sun girmama matattunsu ta hanyar tuhumar shugabanninsu.

Wannan bai sa adabin Gabas ya kuɓuta daga tarke ba. A yawancinsa ɗan Arewa inuwa ce mai riƙe da adda ko bindiga, da wuya a ba shi suna da iyali da tsoro irin na ɗan Adam. Littafin Achebe na ƙarshe, There Was a Country (2012), ya jawo ce-ce-ku-ce a kan yadda ya raba laifi. Bahaushen da aka kora daga Inugu ko Fatakwal a 1966 ba shi da gurbin kirki a cikin wannan adabi, kamar yadda ba shi da shi a waƙoƙin yabon soja. Ya faɗa tsakanin adabi biyu.

6.0 Mabuɗin Labari Shi ne Hukunci

A nazarin zube mun saba da cewa inda mai labari ya buɗe labarinsa yana nuna wanda yake so a tausaya wa. Haka muhawarar musabbabin basasa take. Ɗan Arewa yakan buɗe da daren 15 ga Janairu 1966, lokacin da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da hafsoshi irin su Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam, sa'annan ya ambaci Doka ta 34 ta ranar 24 ga Mayu wadda Janar Ironsi ya soke tsarin tarayya da ita. Ɗan Gabas yakan buɗe da tarzomar 29 ga Mayu, da juyin mulkin 29 ga Yuli, da kisan filin jirgin saman Kano na 1 ga Oktoba, da rushewar yarjejeniyar Aburi ta Janairu 1967. Ɗan Fatakwal wanda ba Ibo ba ne yakan buɗe da koken ƙananan ƙabilu, da man fetur da aka samu a Oloibiri a 1956, da tawayen Isaac Boro na Fabrairu 1966, da ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu 1967, kwana uku kafin shelar Biyafara. Masanin tarihi kuwa zai koma baya ga rikicin ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen 1964, da rikicin Jihar Yamma, da tarzomar Kano ta 1953, har zuwa haɗewar 1914.

Kowane mabuɗi gaskiya ne, kowanne kuma yana ɓoye wani abu. Mai buɗewa da Janairu yakan manta cewa an kashe Akintola da Okotie-Eboh da Ademulegun a daren, da kuma Arthur Unegbe wanda Ibo ne, yakan kuma manta cewa ɗan tireda na Sabon Gari ba shi ya harbi Sardauna ba. Mai buɗewa da Mayu yakan manta da raɗaɗin da kisan shugabannin ya bari, da rashin gurfanar da waɗanda suka yi shi. Har harshe da kafafen watsa labarai suna da hannu: rahoton gidan rediyon Kwatano na ƙarshen Satumba 1966 game da kashe 'yan Arewa a Gabas, wanda aka maimaita a Kaduna, ya ƙara rura wutar. Muhawarar ba ta mutu ba. An tayar da ita gaban Kwamitin Oputa a 2001 tsakanin ƙungiyar Ohanaeze da Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa, ta kuma sake tashi a 2025 da Janar Ibrahim Babangida ya bayyana a tarihin rayuwarsa cewa bai dace a kira juyin mulkin Janairu na Ibo ba.

A nan ne hirar Kasuwar Artisan ke da abin koyarwa. Mai sayar da awaki da abokin cinikinsa Ibo ne, maigidan hayarsa Ibo ne, wataƙila ma kakarsa ta wajen uwa Ibo ce, ba ya iya buɗe labarin da mabuɗi guda ya tashi lafiya. Dole ta koya masa ya riƙe mabuɗi biyu. Yana yi wa kakansa soja addu'a, yana kuma sane da cewa maƙwabcinsa na tuna nasa kakan ranar 30 ga Mayu. Ya kuma san farashin kuskure, domin a Fabrairu 2006, bayan tarzomar Maiduguri, Hausawan Anacha ne aka huce a kansu. Abin da ke zama kirari a Kano yana iya zama sanadin rasa rai a bakin Kwara.

7.0 Girmamawa Ba Tare da Wanke Tarihi Ba

Tambayar da ta rage ita ce, shin za a iya girmama wanda ya yi yaƙi ba tare da an rufe bincike a kan dalilin yaƙin da yadda aka gudanar da shi ba? Sauran al'ummu sun yi fama da ita. A Amurka, rikicin gumakan janar-janar na Kudu na yaƙin 1861 zuwa 1865 ya kai ga zubar da jini a Charlottesville a 2017. A Sifen, sai a 2007 aka yi dokar tunawa da waɗanda yaƙin 1936 zuwa 1939 ya ci. Darasin shi ne, abin da aka binne da shiru yakan tsiro a hannun jikoki.

A Nijeriya, manufar Gowon ta cewa babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci ta kashe wutar ramuwa, amma ta bar ƙorafin fam 20 da aka ba masu ajiya a banki da na gidajen Fatakwal da aka kira yasassu. Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, 15 ga Janairu, ta haɗa ranar ƙarewar yaƙin da ranar da aka kashe Sardauna, sai dai bikin na faretin hukuma ne da ajiye furanni. Gidan tarihin yaƙi da aka kafa a Umuahia a 1985 makamai ya fi tarawa. Akwai kuwa misalin da ya nuna ana iya raba girmamawa da hukunci: Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya jagoranci kai hari gidan Sardauna, da aka kashe shi kusa da Nsukka a Yuli 1967, sojan tarayya ne suka kai gawarsa Kaduna aka binne shi da girmamawar soja.

Adabin Hausa yana da kayan aikin da ake buƙata. Akwai marsiyya, wadda Nana Asma'u ta ɗaukaka a ƙarni na 19, mai ambaton mamaci da sunansa da halinsa, mai roƙa masa gafara. Roƙon gafara kuwa ya ƙunshi yarda cewa mamacin ɗan Adam ne mai iya kuskure, abin da kirari ba ya yarda da shi. Akwai waƙar wa'azi da ta siyasa irin ta Sa'adu Zungur, wanda ya yi wa sojan Yaƙin Duniya na Biyu "Maraba da Soja", ya kuma gargaɗi sarakunan Arewa a "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ba tare da ya bar ƙaunar Arewa ba. Koyarwar da ta ce a ambaci alherin mamaci ba ta hana a nemi sanin abin da ya faru domin kada a maimaita shi.

Saboda haka ana ba da shawarwari uku. Na ɗaya, sassan koyar da harsunan Nijeriya su hanzarta naɗar bayanan tsofaffin sojoji da na waɗanda suka yi hijirar 1966, a Arewa da kuma unguwannin Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal, domin akasarin waɗanda suka yi yaƙin sun haura shekara saba'in. Na biyu, a fassara Ubesie da Saro-Wiwa da Iyayi zuwa Hausa, a kuma fassara waƙoƙin yabon soja zuwa Ibo tare da sharhi, domin kowane ɓangare ya ji yadda aka siffanta shi. Na uku, a riƙa koyar da "Jiki Magayi" da takwarorinta tare da tarihin 1966, ɗalibi ya yaba fasahar, ya kuma tambayi abin da aka bari a waje.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta yi ƙoƙarin nuna cewa adabin Hausa ya tarbi yaƙin basasa da yabo da zambo, ya kuma yi hakan da gwaninta, amma ya bar ƙaramin soja ba marsiyya, ya bar muhawarar musabbabi a hannun masu rubutu da Ingilishi. An nuna cewa sunan da aka ba yaƙin da ranar da aka fara labarinsa hukunci ne a kan wanda ya jawo shi, kuma Hausawan Gabas, saboda zamansu a tsakiyar waɗanda aka yaƙa, sun koyi riƙe fiye da mabuɗi guda. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Haƙƙin da kurtun da ya nutse a Kwara yake da shi a kanmu shi ne a san sunansa da garinsu, a roƙa masa gafara, a kuma binciki dalilin da ya sa aka tura shi cikin jirgin ruwan da bai kai gaci ba. Wannan aiki ne na manazarta da marubutan Hausa, kuma shaidun da za su taimaka a yi shi suna ƙarewa.